Yadda Wufar Motar Yayana Ta Kusa Raba Ni Da Sana'ata

Yau ba darasin filashin ko na cire makullin waya na zo da shi ba. Labarin kaina ne zan ba ku. Na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, saboda akwai laifina a ciki. Amma kullum sai na ga samari sun zo teburina da iyafis a kunne, ƙarar tana fitowa har ni da nake gefe ina jin waƙar, sai na ga shirun nan ba shi da amfani. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe, akwai saitin waya da za ku yi a ƙasa.

Ni mai gyaran waya ne a Maigatari. Duk wanda ya san garin nan ya san ranar Alhamis ita ce ranarmu. Shanu, raƙuma, tumaki, awaki, tireloli jere suna jiran lodi zuwa kudu, baƙi daga Nijar da ko'ina. A ranar kaɗai nakan yi aikin da ya fi na sauran kwanakin mako. Sakandare kawai na gama, sauran ilimin a bakin tebur na same shi, da kuma karance-karance a waya.

Ina da ɗan baffa da ya girme ni da shekara huɗu, Yaya nake ce masa. Direba ne. Lokacin da aka rufe boda a watan Agusta na 2019 ya sha wahala ƙwarai, don harka ta tsaya cak. Da aka buɗe a Disamba na 2020, Maigatari tana cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe, sai abubuwa suka fara motsi. Ya haɗa 'yan kuɗinsa ya sayi Golf ta hannu, yana jigila tsakanin Maigatari da Gumel, wani lokaci har Gagarawa ko Sule Tankarkar idan an ɗauke shi shata. Yaya mutum ne mai son kiɗa tun muna yara. Wata rana da na je Kano sayen kayan gyara ya bi ni, muka dawo da wufa guda biyu manya da amfilifaya. A jikin kwalin an rubuta wat dubbai.

Ni na haɗa masa. Wannan shi ne laifin da nake faɗa. Na ja waya mai kauri daga batir zuwa but, na sa fiyus, kafinta ya yi mana akwati, muka ɗaure a bayan kujera. Ranar da muka kunna, faranti mai lambar mota sai da ya dinga kakkarwa kamar zai fice. Yara suka taru. Ni kuma ina tsaye ina hura hanci, ana cewa aikin wane ne.

Bayan ƙaramar Sallah ta 2021 aka yi bikin wani abokinmu. Amarya 'yar Gumel ce, za a kai ta wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar. Motar Yaya ita ce ta abokan ango, kuma ita ce mai kiɗa. Na zauna a kujerar baya ta dama, bayana a jingine da akwatin wufar, katako da soso kawai ne tsakaninmu. Aka ɗaga gilas duka don bes ɗin ya zauna. Da zagayen gari da tafiya da dawowa mun yi kusan awa uku a haka.

Bari in faɗa muku abin da na ji a jikina, don wanda ya taɓa shiga irin motar nan zai gane. Duk bugu ɗaya sai na ji kamar an daki ƙirjina daga ciki. Rigata tana rawa ita kaɗai. Cikin hancina yana ƙaiƙayi. Idan na yi magana muryata tana karkarwa kamar ta mai magana a gaban fanka. Madubin tsakiya ba ka ganin komai a cikinsa sai hazo. Na ciro waya zan ɗauki bidiyo, hoton yana lanƙwasa kamar ana kallo ta cikin ruwa, sautin kuma da na saurara daga baya ba kiɗa ba ne, ƙarar yagewar takarda ce kawai. Can wajen dawowa na fara jin tashin zuciya da nauyin kai. Na ɗauka shinkafar biki ce. Abin mamaki, kunnena bai yi min zafi ba ko kaɗan. Shi ya sa ban ce a rage ba.

Da na kwanta da dare sai na ji wani siririn fito a kunnen dama, kamar kukan gyare amma ba ya tsayawa. Da safe kuma kamar an cusa min auduga. Na ce zai wuce.

Ranar Alhamis da ta biyo baya wani dattijo mai fataucin shanu ya kawo min wayarsa, ba ta caji. Na canza masa wurin cajin, na kira lambata don in gwada kamar yadda na saba, na kara a kunne. Sai na ji maganar can ƙasa-ƙasa. Na ce, "Baba, ai iyafis ɗin wayar nan ma ya mutu, da ƙyar ake ji." Ya ce, "To ɗana, kai ka san aikinka, gyara." Na cire na sa sabo, na ƙara masa kuɗi. Na sake gwadawa, shiru, haka take. Na fara zargin fanel. Yaron da yake koyon aiki a wurina ya karɓa ya kara a kunnensa, ya dube ni ya ce, "Oga, ai tana yi, har ma ta yi ƙara." Na karɓa na mayar kunnen hagu. Tangaram nake ji.

Wallahi gumi ne ya karyo min. Wayar bawan Allah lafiyarta ƙalau, kunnena ne ya samu matsala, kuma na karɓi kuɗinsa a kan abin da bai lalace ba. Na ciro kuɗin iyafis ɗin na miƙa masa, na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka da ka faɗa. Amma ka nemi magani, makiyayi ma da kunne yake sanin inda saniyarsa take." Ya tafi. Ni kuma na kasa taɓa wata wayar har la'asar.

Mutane suna ɗauka mai gyaran waya da ido da hannu kawai yake aiki. Ba haka ba ne. Da kunne nake gane sifika ta fashe ko datti ne ya toshe ta. Da kunne nake gwada iyafis da mautfis. Da kunne nake jin ƙarar mita idan ina neman inda layi ya yanke a fanel. Da kunne nake jin bayanin mai waya a cikin hayaniyar kasuwa. Idan kunne ya tafi, rabin sana'ar ta tafi.

Daga ranar na shiga bincike, kuma ga abin da na fahimta, zan faɗa da sauƙi yadda kowa zai gane.

Sauti iska ce take kaɗawa. Yawan kaɗawar a sakan ɗaya shi ake aunawa da Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan. Siririn sauti kamar usur kaɗawarsa tana da yawa. Sauti mai kauri, wato bes, kaɗawarsa kaɗan ce, kuma shi ne aikin wufa, galibi ƙasa da 100. Sauti yana gudun kusan mita 340 a sakan. To idan ka raba 340 da 40, za ka ga igiyar sautin bes mai kaɗawa 40 tsawonta ya kai mita 8 da rabi. Golf kuwa tsawonta duka wajen mita 4 ne. Ma'ana igiyar ba ta ma samu wurin miƙewa a cikin motar ba. Abin da yake faruwa shi ne wufar tana matse iskar cikin motar gaba ɗaya tana saki, sau 40 a sakan, kamar kana zaune a cikin famfon buga taya. Shi ya sa wufar da a fili ba ta da wani ƙarfi, da an sa ta a mota an rufe gilas sai ta zama dodo. Ƙirjin mutum kuwa akwati ne mai iska a ciki, kamar ganga. Ka taɓa ganin fatar kalangu tana motsi idan an buga wani a kusa da shi? Haka ƙirjinka yake yi.

Ƙarfin sauti kuma da desibel ake auna shi, kuma lissafinsa yana da yaudara. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. Ƙarin 3 kawai yana nufin ƙarfin ya ninka biyu. Ƙarin 10 yana nufin ya ninka goma. Don haka 100 ba ta ɗara 90 da kaɗan ba, ta ninka ta goma ne. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta ce desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a rana. Daga nan duk ƙarin 3 sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 minti 15. Kafin ka kai 110 lokacin ya koma ƙasa da minti 2. Ni kuma na yi awa uku.

Me ya sa kunnena bai yi zafi ba? Saboda kunnen ɗan Adam ba ya jin bes da kaifi kamar yadda yake jin siririn sauti. Sai an ƙara shi sosai kafin ka ji ya cika maka kunne. Kuma yayin da kake murɗa maɓallin don bes ya fito, muryar mawaƙi da sauran kayan kiɗa su ma suna hawa tare da shi. Daɗin bugun da kake ji a ƙirji ya rufe maka gargaɗin da ya kamata kunne ya ba ka.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi kusan 16,000. Su ne suke mayar da kaɗawar iska ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kamar yadda mautfis yake mayar da muryarka lantarki. Ƙara mai yawa tana kwantar da su. Idan an yi sa'a sukan farfaɗo bayan awoyi ko kwanaki, shi ne toshewar da kake ji bayan biki. Idan aka ci gaba da dukansu sai su mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Iyafis ɗin waya idan ya mutu in aika Farm Centre a Kano a kawo min sabo kafin dare. Wannan kuwa babu shagon da ake sayar da shi.

Ba kunne kaɗai ba ne. A 1965 masu bincike na rundunar sojin saman Amurka sun gwada sauti mai kauri a kan mutane har zuwa wajen desibel 150, don sanin abin da ƙarar roka za ta yi wa 'yan sama jannati. Mutanen sun ba da labarin kakkarwar ƙirji, tari, shaƙewa, ciwon kai da dishi-dishin gani. Da na karanta sai na tuna tashin zuciyar da na ɗora wa shinkafa. Sannan a 2004 wata mujallar likitocin ƙirji ta Ingila mai suna Thorax ta buga rahoton samari huɗu da huhunsu ya sace lokacin da suke cikin kiɗa mai tsananin ƙara. Wato iska ta ɓulle daga huhu ta taru a cikin ƙirji ta danne shi. Ɗaya daga cikinsu yana tuƙi ne a motarsa da ya sa wa akwatin bes mai wat 1,000. Kada in tsorata ku fiye da kima, wannan ba abu ne da yake yawan faruwa ba. Amma ciwon ya fi samun samari dogaye sirara, musamman masu shan taba. Ku duba majalisarku ku ƙirga mutum nawa ne wannan siffar ta dace da su.

A ƙasashen Turawa har gasa ake yi ta motar da ta fi ƙara, ana wuce desibel 150. Amma a manyan matakan gasar ba wanda yake zama a ciki. Na'urar awo ake sawa, a rufe ƙofa, a kunna daga waje. Su da suka ƙirƙiro wasan sun san iyakarsa. Mu kuma a nan har da jarirai muke shiga.

Kunnena ya buɗe bayan kamar kwana biyar, alhamdu lillahi. Amma fiton bai tafi duka ba. Da rana ba na jin sa. Da dare idan an ɗauke wuta, an kashe janareta, gari ya yi tsit, yana nan a kunnen dama har yau. Na saba da shi, amma kullum yana tuna min.

Na je na samu Yaya na ce a rage ƙarfin amfilifayar nan. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ragon maza ne. Ni kullum a ciki nake wuni, me ya same ni?" Na ce, "Yaya, ba ranar ɗaya yake nunawa ba." Ya ce, "To ba kai ka haɗa ba?" Ban da amsa. Na yi shiru na tafi.

Kusan shekara biyu aka yi a haka. Abin da na fara lura da shi, idan ya kawo min waya kullum ƙorafinsa ɗaya ne, sifika ba ta da ƙara. In gwada in ji lafiya lau. Sai matarsa ta fara cewa idan ta yi masa magana daga tsakar gida ba ya amsawa, har suna samun saɓani, tana ganin raini ne. A majalisa idan mutane da yawa suna magana sai ka ga ya yi murmushi kawai, ko ya ce "Iye?" sau biyu sau uku. Haka abin yake farawa. Ba wai duniya ce za ta yi maka shiru ba, kana jin ana magana amma kalmomin ba sa fita, domin siraran sautuka irin su "s" da "sh" da "ts" su ne suke fara ɓacewa.

Abin da ya kawo ƙarshen gardama ya faru wata Alhamis da yamma. Ya ɗauko matarsa da ɗansu ɗan shekara biyu daga Gumel, kiɗa yana tashi. Tirela ɗauke da shanu ta taho a bayansa tana ta danna ham don za ta wuce, shi kuma ya karkata zai kauce wa rami. Bai ji ba, madubin kuma rawa yake. Matarsa ce ta waiga ta ƙwalla ƙara ta daki kafaɗarsa. Allah ya kiyaye, madubin gefe kawai aka tafi da shi. Da labari ya kai wa Inna, mahaifiyarsa, ta kira mu mu biyu. Ta ce masa, "Idan kai ka gaji da kunnenka, jikana bai gaji da nasa ba." Ni kuma ta dube ni ta ce, "Kai da ka ɗaura, kai za ka kwance." A daren na kwance.

Daga baya na raka shi wani asibiti a Kano aka yi masa gwajin ji. Ana sa maka abin kunne a ɗaki mai shiru, ana sako sauti iri-iri kana danna maɓalli idan ka ji. Takardar ta nuna ya rasa wani ɓangare na jin siririn sauti a kunnuwan biyu. Likitan ya ce abin da ya tafi ya tafi, aikin da ya rage shi ne a tsare wanda ya saura. A mota muna dawowa bai ce min komai ba har muka wuce Gujungu. Can ya ce, "Da ka matsa min tun farko." Na ce, "Na faɗa maka, Yaya." Ya ce, "Faɗa daban, matsawa daban." Gaskiyarsa ne. Shi ya sa yau nake matsa muku.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi wayarku, tunda shi ne ya tara mu a nan.

Na farko, kyamara. Wayoyi masu tsada da yawa gilashin kyamararsu ba a kafe yake ba, yana lilo ne a kan 'yan siraran wayoyi da maganaɗisu don ya gyara rawar hannu. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura tana iya lalata wannan tsarin a iPhone idan an ɗaure wayar a jikin babur. Su babur suka ambata, amma ni dai ba zan ɗaure wayata a gaban motar da madubinta yake rawa ba. Idan kyamararka tana zirr ko hoto ya ƙi tsayawa, sau da yawa wannan tsarin ne ya tafi.

Na biyu, maganaɗisu. A bayan kowace wufa akwai ƙaton maganaɗisu. Kada ka ɗora waya a kan akwatin. Yana rikita kamfas ɗin waya, manhajar alƙibla ta nuna maka wani wajen daban. Idan hakan ta faru, ka yi nesa da ƙarfe da sifika, ka juya wayar a iska kamar kana zana lamba 8 har ta daidaita.

Na uku, caji. Amfilifaya mai wat 1,000 na gaske a kan batir mai bolt 12 tana neman fiye da amfiya 80. Altanetar ƙaramar mota kusan iyakar ƙarfinta ke nan. Shi ya sa za ka ga fitila tana lumshewa tare da bugun kiɗa. Wutar tana hawa tana sauka, kai kuma ka soka cazar mota mai arha. Na sha karɓar wayoyin direbobi da ɓangaren cajinsu ya ƙone. Ka sayi caza mai kyau, ko ka yi amfani da fawa bank. Kuma lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali da PMPO a gefenta ta talla ce, wadda aka rubuta RMS ita ce ta gaske.

Sai abin da za ka yi don kunnenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, ga yara kuma 75. Ba sai kana da mota ba, iyafis ɗin da yake kunnenka yanzu ya isa.

1. Mai iPhone ya shiga Settings, sai Sounds & Haptics, sai Headphone Safety. Ka kunna maɓallin rage ƙara, ka ja shi zuwa 80 ko 85.

2. Mai Samsung ya shiga Settings, sai Sounds and vibration, sai Volume. Ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi Media volume limit, ka kunna. Har lambar sirri za ka iya sawa idan wayar yaro ce.

3. Mai Tecno, Infinix, itel ko Redmi, idan kana ƙara sauti waya ta fito maka da gargaɗi, ba iyayi take yi ba. Ka tsaya a nan. Ka riƙe ƙa'idar kashi 60: kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar, kuma ka cire ka huta bayan minti 60.

4. Ka sauke manhajar auna ƙara. Mai iPhone akwai NIOSH Sound Level Meter, kyauta ce. A Play Store akwai irinta da yawa, amma ƙiyasi suke yi, kuma mautfis ɗin waya an yi shi ne don murya, yana da inda yake cikewa. Idan ka ga lamba ta maƙale a sama ta ƙi motsi, ba wai ƙarar ta tsaya a nan ba ne, wayar ce ta gaza.

5. Gwajin da ba ya buƙatar waya: idan mutum yana nesa da kai da tsawon hannu ɗaya amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, wurin ya kai matakin cutarwa. Ka rage, ko ka fita.

6. A mota ka sauke gilas kaɗan, ka rage bes daga amfilifaya, kuma ka tabbata kana jin ham da jiniya. Idan akwai yaro a ciki, ka kashe wufar gaba ɗaya. Shi ba zai iya ce maka ya isa ba.

7. A gidan biki kada ka tsaya a gaban sifikar DJ. Masu aikin DJ, injin niƙa, walda da janareta su nemi abin toshe kunne na soso, kuɗinsa bai kai na katin data ba.

Idan kuma ka wayi gari kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, ko fito ya wuce kwana biyu bai tafi ba, ka tafi asibiti da wuri, ka nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Irin wannan kwanakin farko su ne masu muhimmanci. A Kaduna ma akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa, aikinta ke nan. Kada ka ɗiga mai ko ruwan albasa, kada ka soka tsinken ashana. Wanda kuma ya ji sukar ƙirji farat ɗaya tare da ƙarancin numfashi, wannan ba na jira ba ne, a kai shi asibiti a lokacin.

Abu na ƙarshe, bes ba ya tsayawa a cikin motarka. Doguwar igiyar nan tana ratsa bango fiye da siririn sauti. Kai kana jin waƙa, tsohuwar da take kwance ba lafiya a ɗaki bugun kawai take ji a ƙirjinta. Najeriya tana da dokar taƙaita hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma tun kafin doka mun san haƙƙin maƙwabci.

Wufar tana nan a ƙarƙashin teburina, na ɗora mata kwalin matattun batura. Mutum uku sun taya, na ƙi sayarwa. Yaya yana nan yana tuƙinsa, da rediyon mota kawai. Idan zan yi masa magana nakan tsaya ta gabansa yadda zai ga bakina.

Wanda ya yi saitin nan ya faɗa mana irin wayarsa da lambar da ya tsaya a kai. Wanda bai ga wurin a wayarsa ba ya rubuta sunanta, zan duba masa in sha Allahu. Ku tura wa direbobi da 'yan adaidaita da kuka sani. Allah ya tsare mana jinmu da ganinmu, amin.